Wanda Ya Matsar da Bishiyoyi

Jirgin saman wasiƙu ya kife a kan daskararren kogi gari bai daɗe da wayewa ba, don a watan Janairu rana ba ta leƙo ƙauyen Neltsin, can ƙurewar arewa, sai wajen sha ɗaya.

Virgil bai ga faɗuwar ba. Kwana tara ya yi a daji yana duba tarkunansa. Yana karyo kwanar kogi a kan babur ɗin ƙanƙara ya hango mutanen gari sun taru a tsakiya, jirgin a gabansu ciki sama, fiffike ɗaya a karye. Ya kashe inji daga nesa ya ƙarasa da ƙafa.

An riga an ciro Darlene, matuƙiyar. Tana da rai, amma ba ta jin ƙafafunta. Maza huɗu suka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa zuwa ɗakin shan magani. Buhunan wasiƙu da kwalayen madara sun watse cikin caɓi, ba wanda ya taɓa su.

Caɓin Virgil ya fara dubawa. Kowa a Neltsin ya san wannan gefen. Ruwa na tsattsafowa ya kwanta a kan ƙanƙara, dusar ƙanƙara ta rufe shi, ka ga wuri fari tas alhali ruwa ne har gwiwa. Ko kare ba ya bi ta nan. Amma ga bishiyoyin alama, layi biyu, sun miƙe sun bi ta kansa.

Tun da ambaliya ta cinye filin jirgin garin shekara biyu da suka wuce, a kan kogi jirgi ke sauka idan ruwa ya daskare. Aikin Kawu Esau ne ya sari ƙananan bishiyoyi ya kafa su layi biyu, matuƙi ya sauka a tsakaninsu. Virgil ya taka zuwa inda layin saukar yake kafin yau, taku arba'in daga nan. Ramukan na nan, sababbi, dusa ba ta ko cika su ba. Wani ne ya tumɓuke bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya kai su kan ruwa.

Mutane sun riga shi ganin ramukan. Shi ya sa ba wanda ke tsaye kusa da Esau. Tsohon na zaune a kan durom shi kaɗai, hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

Clement, shugaban majalisar gari, ya zo ya dafa kafaɗar Virgil. Shi ya riƙe Virgil tun mahaifinsa ya nutse, shi ya koya masa bin sawu. Ya ce hazo ya rufe birnin Fairbanks, jirgin likita ba zai iso ba sai biyu da rabi, kuma da ɗan sanda a ciki. Ya riga ya gaya musu ta rediyo.

"Me ka gaya musu, Baba?"

"Abin da kowa ya gani."

"Kowa ya ga ramuka. Wa ya ga hannu?"

Ba wanda ya gani. Amma kowa ya san abin da ya sa ake zargin Esau. Mako biyu da suka wuce Darlene ta faɗa a kanti, gaban jama'a, cewa Esau ya tsufa, layinsa kamar tafiyar mashayi, za ta rubuta wa majalisa a canza shi. Esau kuma ya ce mata wata rana za ta nemi bishiyoyinsa ta rasa. Mutum goma sun ji.

Esau ƙanin mahaifiyar Virgil ne, shekararsa saba'in da uku. Bai taɓa kwana a ɗakin da aka kulle daga waje ba. Idan suka sa shi a jirgin nan, Virgil ya san a akwatin gawa zai dawo.

Ya dubi agogo. Saura awa uku da 'yan mintoci. Iska na kaɗowa daga wajen gari, tana kwashe dusa tana rufe duk abin da ƙafa ta rubuta. Ya roƙi Clement kada a bar kowa ya taɓa bishiyoyin da suka rage a tsaye.

* * *

Virgil ya raka Esau gida. A ɗaki tsohon ya ɗora buta a murhu, ya zauna ya juya baya.

Virgil ya tambaye shi ko ya duba filin da safe. Ya ce ya duba. Ya tambaye shi ko ya sauka kan kogi. Ya ce wannan ba tambayar da ɗa ke yi wa kawunsa ba ce.

"Na ga sawunka, Kawu. Ka sauko har bakin gaɓa, ka tsaya, ka juya. Da can har ƙarshen fili kake zuwa."

"Da can kai ma fitsarin kwance kake yi."

Ya ɗauki buta zai zuba shayi. Ruwan ya sauka a kan tebur, yatsa biyu daga bakin kofi. Bai tsaya ba sai da ya ji ƙarar ta canza, sannan ya matsar da hannu. Virgil ya kalli ruwan yana bin katako yana ɗiga ƙasa.

"Tun yaushe?"

Esau ya faɗa, da murya kamar ta mai amsa laifi. Tun kaka. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai inuwa. Da ƙidayar taku yake kafa bishiyoyin, da igiya. Yau da safe ya tsaya a gaɓa ya hango duhu-duhu layi biyu, ya ce suna nan, ya koma. Ya ce kada Virgil ya kuskura ya gaya wa kowa. Gara a ce mugu ne da a ce makaho ne, a zaunar da shi kusa da murhu ana ba shi romo.

Virgil bai yi alkawari ba. Ya kuma san wannan ba za ta wanke shi ba. Wanda ya iya kafa bishiya da lalube zai iya tumɓuke ta da lalube.

* * *

A ɗakin shan magani an ɗaure Darlene a jikin katako, an tokare wuyanta da tawul. Goggo Lucille, mai kula da wurin, ta ba shi minti biyu, ta ce in ya ƙara ɗaya da tsintsiya za ta fitar da shi.

Darlene ta shekara sha ɗaya tana kawo musu wasiƙa. Leɓenta ya fashe, amma bakin na nan. Ta ce daga sama ta lura filin ya matsa. Ta yi zaton ƙanƙara ce ta tsage a tsohon wurin aka canza. Ta kira rediyon kanti sau uku ta tambaya, ba wanda ya ɗaga. Ta zagaya sau biyu, ta ga wuri fari sumul, ta sauka.

"Kin yarda Esau ne?"

"Layin ya miƙe kamar an ja da zare," ta ce. "Tsohon nan bai yi layi miƙaƙƙe ba tun bara. Amma na zage shi gaban mutane. Wanda aka zaga yakan yi abin da bai saba ba." Ta rufe ido. "Virgil, taɓa mini ƙafa."

Ya taɓa.

"Ka taɓa?"

Goggo Lucille ta nuna masa ƙofa da haɓa.

* * *

Rediyon kanti a hannun Wendell yake. Shi ke amsa jirgi, shi ke zuwa ɗaukar kaya. Shekara sha shida da ya auri 'yar Neltsin, har yau sunansa ɗan Dakeli.

Dakeli na sama da su a kan kogin, tafiyar awa ɗaya a babur. Su ma filinsu ya lalace. Gwamnati ta ce fili ɗaya za ta gina, ba biyu ba, kuma a watan Maris za a faɗi garin da ya samu. Garin da ya rasa, marasa lafiyarsa da masu naƙudarsa sai su bi kogi. Tun da aka faɗi haka, gaisuwa tsakanin garuruwan biyu ta gajarce.

Da Virgil ya isa, maza shida na tsaye a ƙofar kantin, ba sa sayen komai. Labarin rediyon ya riga shi zuwa. Wani ya ce an ji babur ɗin Wendell ya fita tun duhu bai yaye ba. Wani ya ce to, wa zai ji daɗi in aka ce mutanen Neltsin ba su iya riƙon fili ba?

Wendell na bayan kanta yana jera gwangwanaye da aka riga aka jera.

"Ka zo kai ma, mai karatun ƙasa? Da safe Esau ne, yanzu ni. Kafin la'asar sai ku kama limamin coci."

Virgil ya tambaye shi ina ya je. Ya ce inda ya je ya je. Ya tambaye shi me ya hana shi ɗaga rediyo. Ya ce ya makara da dawowa, kuma wannan zai ɗauka har kabarinsa, ba sai an taya shi ba.

Virgil ya fita ta baya. Babur ɗin Wendell na da ƙarfe guda da ya lanƙwashe a ƙasa, yana barin tsaga a gefen hagu. Ya bi tsagar. Ba ta sauka kogi ba. Ta bi bayan coci, ta hau tudu, ta tsaya a maƙabarta. Daga nan sawun ƙafa zuwa wani ɗan kabari mai farin shinge. An share dusar da ke kansa da hannu. Ga wurin gwiwoyi biyu, ya narke ya sake daskarewa, alamar an daɗe. A jikin gicciyen an rubuta ranar haihuwar 'yar Wendell. Ranar yau ce.

Ya sauko. Ya gaya wa mazan da ke ƙofa su koma gida. Ɗayansu ya ce mutum na iya zuwa kogi da ƙafa tukuna, sannan ya hau tudu ya yi kuka. Virgil bai musa ba. Gaskiya ce.

Ɗaya saura kwata.

* * *

Baƙo ɗaya ne a garin, Mista Lindgren, yana kwana a ajin makaranta. Tsohon ma'aikacin harkar jiragen sama ne da ya yi ritaya, yana yawon ƙauyuka yana rubuta littafi kan yadda ake rabon filayen jirgi da hanyoyin wasiƙa. Rabin jakarsa takardun gwamnati ne, rabin kuma littattafan labarin kisan kai, waɗanda yake ba yara aro.

Ya karɓi Virgil da zumuɗi. Ya riga ya zana taswira a allo, har da sunaye da kibiyoyi. Ya ce a duk littafin da ya karanta, wanda aka fara zargi ba shi ba ne. Virgil ya ce a nan wanda aka fara zargi shi ake sa wa ankwa.

Ya tambaye shi ko Dakeli za ta amfana da wannan hatsari.

Lindgren ya cire tabarau. Ya ce a'a, akasin haka ma. Wannan shi ne babi na bakwai na littafinsa, wanda ya fi alfahari da shi. Ƙauye talatin da ɗaya ya bincika. Ba inda takardar koke ta gina fili. Shugabanni su yi ta rubutu shekara goma, ba amsa. Ranar da jirgi ya faɗi, hoto ya fito a jarida, kafin shekara an kawo motocin aiki.

"Ba garin da ya fi buƙata ake ba," ya ce. "Garin da ya fi ba su kunya ake ba."

"Ka taɓa faɗa wa wani wannan a nan?"

Ya faɗa mana. Ran Asabar, a walimar da aka yi masa a zauren gari. Kowa na wurin. Wendell ya yi dariya, Esau na cin kifi, Clement ma har ya sa ya maimaita adadin ƙauyukan.

Yana cikin magana ya tsaya. Ya dubi allonsa.

"Magana ce kawai," ya ce. "Bincike ne."

Virgil ya sa safar hannu ya fita.

Yanzu ba maƙiyin Neltsin yake nema ba. Mai son Neltsin yake nema, kuma su ɗari da tamanin ne.

* * *

Ya koma kogi. Kusa da jirgin ba abin karantawa, gari guda ya tattake wurin, bishiyoyin ma an zubar da su. Ya yi gaba zuwa can ƙarshen layin, inda ba wanda ya je.

Mutumin ya san abin da yake yi. Ya ja reshe a bayansa ya share sawunsa, iska ta ƙarasa sauran. Virgil ya kwanta da kumatu a kan dusa ya duba ta gefen haske. Ya ga inda aka taka, amma ba siffar takalmi, ba tsawon taku. Rabin awa ya ɓata a kan gwiwoyinsa bai samu komai ba.

Ya miƙe yana dukan cinyoyinsa don jini ya dawo. Bishiya tara suka rage a tsaye. Ya kalle su don ba sauran abin kallo.

Duk sun karkata.

Ba sosai ba, kamar mutum ya ɗan sunkuyar da kai. Da farko ya ce iska ce. Amma kwana uku iska daga wajen gari take kaɗowa, ya sha ta a fuska duk hanyar dawowarsa. Da ita ce, da sun kwanta sun ba gari baya. Waɗannan cikin iskar suka sunkuya, tara ɗin, suna fuskantar hayaƙin Neltsin.

Ya duba ramukan Esau na asali. Ya zura sanda a uku. A miƙe suke sak.

Ya ɗauki wata bishiya da ta faɗi, don ya ga ko nauyin rassa ne ke jan su. Ya soka ta, ya taka gindin da dunduniya sau biyu, ya ja baya.

Ta karkata wajen gari, daidai da sauran.

Virgil ya zauna a kan dusa. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sanyi ya ratsa wandonsa bai ji ba.

* * *

Biyu da minti biyar Wendell ya sauko da gudu ya ce jirgi ya kira, saura minti ashirin, suna tambaya ina za su sauka. Tsohon filin ba alama ko ɗaya. Virgil ya riga ya saro sababbin bishiyoyi ya tara a kan jan-kaya, katakon da babur ke ja a kan ƙanƙara. Bai bar kowa ya kafa ba sai yanzu.

Gari ya sake taruwa a gaɓa. An sauko da Darlene a lulluɓe. Virgil ya kira mutum huɗu da suna: Esau, Wendell, Lindgren, Clement. Ya ba kowa bishiya biyar da yankinsa. Clement ya ce ga samari nan birjik, me ya sa tsofaffi? Virgil ya ce samari ba su san tazara ba, kuma ba lokacin gardama, ga ƙarar inji can. Da gaske ana jin ta, siririya, daga kudu.

Suka bazu. Ba wanda ya yi tunani, hannu kawai ke aiki. Virgil ya tura samari suka kafa ɗaya layin. Cikin minti shida an gama.

"Kowa ya tsaya kusa da nasa," ya ce.

Ya bi layin a hankali, jama'a na biye da shi da ido. Na Esau a tsaye cak, ko da yake layin ya ɗan yi gwame. Na Lindgren biyu sun riga sun faɗi. Na Wendell sun karkata sama, wajen Dakeli. Ya tsaya a kan na Clement. Bai dube shi ba. Ya nuna su, sannan ya nuna taran can da ke tsaye a kan caɓi.

Tsofaffin ne suka fara ganewa. Goggo Lucille ta kama bakinta.

Hanyar da ke tsakanin Neltsin da Dakeli, duk shekara ana kafa mata bishiyoyi, kowane gari ya yi rabinsa. Mai kafawa yakan karkatar da kowace wajen garinsu, don wanda guguwa ta rutsa da shi, ko ba ya ganin tafin hannunsa, ya lalubi bishiya ya san ina ne gida. Gidan su Wendell ke yin rabin Dakeli. Rabin Neltsin kuwa shekara talatin da huɗu mutum ɗaya ke yi, Clement. A filin jirgi ba a karkatarwa, ba amfani. Sai dai hannun da ya yi abu sau dubu ba ya tsayawa ya tambaya.

Clement ya dubi bishiyoyinsa biyar. Ya dubi taran. Ya yi ɗan murmushi marar daɗi.

"Kafa ɗaya mu gani, ɗana. Naka hannun ma haka yake."

"Haka yake, Baba. Na gwada ɗazu. Kai ka koya masa."

"To?"

"To hannu biyu ne a garin nan ke kafa bishiya haka. Nawa da naka. Kwana tara ina daji ni kaɗai, ba ni da mai shaida. Haka zan gaya wa ɗan sandan. Ya zaɓi wanda zai tafi da shi. Amma ba Kawu ba."

Jirgin ya bayyana a kan tudu, fitilarsa a kunne. Ba wanda ya ɗaga kai.

Clement ya cire hularsa, a cikin wannan sanyi, ya riƙe ta a hannu. Da ya fara magana, ba Virgil yake wa ba, jama'a yake wa. Ya ce wasiƙa sha tara ya rubuta. Sau biyu ya je babban birni da kwat ɗin aro, ya zauna a benci aka ba shi minti biyar. Ya ce kowa a nan ya san matar da ta haihu a kan jan-kaya bara, a tsakiyar kogi, kuma kowa ya san ɗan bai yi kwana ba. Ya ce Dakeli na da ɗan majalisa da ke auren 'yarsu, Neltsin ba ta da kowa. Ya auna wurin da sanda, ruwan bai kai gwiwa ba. Ya ɗauka jirgin zai kafe ne kawai, a ɗauki hoto, a ja shi da babura. Bai san zai kife ba.

"Esau fa?" in ji Goggo Lucille.

"Na ce tsoho ne, ba za su riƙe shi ba." Ya dubi Esau. "Na ce zuwa Maris kawai. In an faɗi sunan gari, sai in je in faɗa."

Daga cikin bargo muryar Darlene ta fito, ba ƙarfi. Ta ce wani ya juyo da ita ta ga fuskarsa. Ba wanda ya motsa, don an hana a motsa ta. Clement ne ya taka ya je ya tsaya inda za ta gan shi. Ta kalle shi.

Jirgin ya sauka tsakanin bishiyoyin, ya yi sulu, ya tsaya.

* * *

Ɗan sandan saurayi ne, gemunsa ya yi fari da raɓar numfashi. Ya sauko yana tambayar wane ne Esau. Clement ya ce ba shi kake nema ba, ya miƙa hannuwansa. Suka yi magana a gefe, ɗan sandan na rubutu yana hura yatsu. Ya je ya ɗauki hoton taran. Bai sa masa ankwa ba.

Aka shigar da Darlene. Kafin Clement ya hau, ya juyo. Virgil ya yi zaton zai ce wani abu game da shekarun nan duka. Cewa ya yi karnukansa ba su ci ba tun jiya, kifin na rataye a rumbu, kada a ba baƙar karyar da yawa.

Jirgin ya tashi uku saura, rana ta riga ta taɓa tudu.

Mutane suka fara hawa gaɓa. Ba wanda ya zagi Virgil. Ba kuma wanda ya dube shi. Suka raba hanya suka wuce ta gefensa biyu. Ya ji wata na ce wa mijinta shi ke nan, Dakeli sun samu, wa zai gina wa garin da shugabansa ke kifar da jirgi? Wendell kaɗai ya ɗan tsaya, sannan ya tafi. Lindgren na can yana ƙoƙarin tayar da bishiyarsa da ta faɗi.

Aka bar shi da Esau a kan kogi.

Tsohon ya tofar da yawu. Ya ce shi shekara nawa ta rage masa, biyu ko uku? Da Virgil ya yi shiru, da sun tafi da shi, hoto ya fito a jarida, an ce tsoho ne ya ruɗe. Da kafin baɗi an kawo motocin aiki.

"Ka sayar da filin gari guda a kan tsoho ɗaya," ya ce. "Ka san haka?"

"Na sani, Kawu."

"Ba za su yafe maka ba. Duk wadda ta haihu a hanya, sunanka za a kira."

"Na sani."

Esau ya juya ya fuskanci gaɓa.

Virgil ya miƙa masa gwiwar hannu.

"Kama nan. Gaɓar da santsi."

Tsohon ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya kama.